Kwana Goma Sha Tara

Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

"Malama, je ki yi jinyarki hankali kwance. Ko za a cire sunana, naki zai fito." Haka Thierry Lachapelle ya rubuto mini ranar biyu ga Nuwamba, har da 'yar zuciya ja a ƙarshen saƙon. Na kwafe shi a nan da hannuna domin waya tana iya faɗawa cikin ruwa.

Yau wasiƙar ofishin ma'aikata ta iso. Wai suna baƙin cikin sanar da ni cewa sunana ba zai shiga jerin waɗanda suka yi wasan bidiyon kamfanin ba, jerin nan da ke hawa allo idan mutum ya gama bugawa. Dokar kamfani ce: sai wanda ya cika wata tara cif, ko wanda yake bakin aiki ranar da za a rufe jerin. Kwantiragina na wata tara ne, daga Mayu zuwa ƙarshen Janairu. Amma sun zare kwana goma sha tara na Nuwamba, waɗanda na yi a kwance. Saboda haka ban cika ba. Sun yi mini fatan alheri.

Za a rufe jerin ranar Juma'a, sha huɗu ga Maris.

Thierry ne furodusan wasan. Kafin ya zama furodusa ya zauna a ajina, a layi na uku kusa da taga har shekara biyu, yana zana takubba a bayan littafin nahawu, ni kuma ina koya masa inda ake sa waƙafi. Ban kira shi ba tukuna.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na kira. Yana cikin taro.

Laraba, 19 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Yaya Odile ta ce ita ba ta ga abin tashin hankali ba. Wa yake zama ya karanta sunaye ɗari huɗu bayan ya gama harbe-harbensa? Ita ta tuƙa bas shekara talatin da ɗaya a Montreal, ko a jikin taya ba a rubuta sunanta ba, kuma ga ta nan da ranta.

Na sake yi mata bayani, karo na uku. Bari in rubuta shi a nan in ga ko ni ce na zare. Na bar koyar da adabi bayan shekara ashirin da biyu. Na koma aji ina da arba'in da bakwai, cikin yaran da na girmi iyayen wasunsu, suna kira na Kaka. Na karanta rubutun wasan bidiyo shekara biyu, na fita a kan gaba. Yanzu kowace sanarwar neman aiki abu ɗaya take faɗa: ana neman sabon shiga wanda ya taɓa fitar da wasa aƙalla ɗaya. Jariri mai gemu suke nema. Na yi sa'a na samu wancan kwantiragin, na rubuta layi dubu uku da ɗari biyu, maganganun da mutanen titi ke yi idan ɗan wasa ya gifta su: masu gadi, masu kifi, mai kwale-kwale. A sana'ar ana kiran su haushin kare, kuma sabon shiga ake ɗora wa. Ba zan iya nuna wa kowa ko layi ɗaya ba, saboda na sa hannu a takardar rufe baki. Shaida ɗaya ta rage cewa na taɓa taka ginin nan, ita ce sunana a jerin.

Akwai wani ƙaramin kamfani a unguwar Saint-Henri, na wata Madam Vaillancourt. Ta gana da ni sau biyu. Ta ce idan wancan kamfanin ya tabbatar mata a rubuce cewa sunana yana cikin jerin, aikin nawa ne. Za ta jira zuwa ƙarshen Maris.

Yaya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce da na zauna a makarantata da yanzu ina ƙirga shekarun ritaya, ba kwanaki ba. Ta ajiye mini miyar wake a gabana, ta tsaya a kaina sai da na sha rabi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Na je, na dawo. An sauya kujerun ɗakin jiran asibitin.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yana cikin taro. Yarinyar da ke amsa waya ta fara gane muryata, tana cewa "yana cikin taro" tun kafin in gama gaisuwa.

Ƙanƙara ta sake zuba. Motocin kwashe ta suna ta jiniya tun safe. Ban fita ba.

Talata, 25 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

An saki tallar wasan. Minti biyu, wuta da teku da jarumi mai kafaɗa kamar ƙofar gareji. Ana dab da ƙarshe sai ga ta, mai kifina, da ɗankwalinta a karkace, jarumin yana yi mata jawabi a kan makomar duniya. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka ceci duniya anjima. Yanzu dai ɗaga ƙafarka daga kan kwandona."

A kan teburin nan na rubuta shi, wata Lahadi cikin Yuli, ina jin Yaya tana faɗa da mai gyaran famfo. Kusan da kalmominta ma.

Zuwa azahar mutane sun ɗauke shi suna ta yawo da shi. Wata jarida ta tambayi babban marubucin kamfanin daga ina mai kifin ta fito. Ya ce ƙungiyarsu tana ba ƙananan mutane muhimmanci ƙwarai. Bai yi ƙarya ba, ya dai taka a gefenta a hankali kada ta ɓata masa takalmi.

Na nuna wa Yaya. Ta kalla sau uku. Ta ce, "Wannan matar tana da hankali." Ban gaya mata ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Thierry ya amsa, a rubuce. Ya yi fama, ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma yana da albishir: ya samo mini wuri a ƙarƙashin Godiya Ta Musamman.

Na san wurin. Can ƙasa yake, bayan lauyoyi. Na ga daftarin kafin in bar aiki. Akwai shagon abincin fiza na kan kwana. Akwai Moutarde, karen ofis, wanda ya taɓa yin amai a ƙarƙashin teburina. Sama da su kaɗan akwai sashen da kowane kamfani ke alfahari da shi, sunayen jariran da aka haifa wa ma'aikata lokacin da ake yin wasan. A can Léonie Lachapelle take, 'yar Thierry, da cikakken sunanta. Wata huɗu gare ta a duniya. Ban san yadda ta cika wata tara ba, sai dai in an haɗa mata da na ciki.

Ba ni da komai da jaririyar. Ni na saƙa mata hula.

Na tambayi Madam Vaillancourt, cikin dabara, ko Godiya Ta Musamman za ta wadatar. Ta ce, cikin ladabi, ita ma mahaifiyarta tana cikin Godiya Ta Musamman a wasanni uku.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, ƙarfe uku da rabi

Na je, na dawo. Likitoci sun ce saura zuwa huɗu.

Asabar, 1 ga Maris, tsakar rana

Anouk ta zo da burodi mai riɗi, da zafinsa. Tare muka gama karatu, tare aka ɗauke mu, ita aka riƙe ta. Shekararta ashirin da uku, tana cikin watannin gwaji har ƙarshen Afrilu. Ta shigo tana kakkaɓe takalmi tana cewa, "Kaka, kin rame, ko dai kin fara soyayya ne?" Na ce eh, da wani tsoho mai farar riga, duk Alhamis muke haɗuwa. Ta yi dariya, sannan ta daina.

Ta ba ni labarin ofis. Ana kwana biyu-biyu ba a ga rana ba, mai kwale-kwale ya fara tafiya a kan ruwa ba kwale-kwale, an rasa dalili. Sai ta faɗi abin da ya kawo ta, tana kallon kofinta: ita aka ba aikin haɗa jerin sunayen. Aikin wahala ne, duba harafi-harafi, kullum ƙaramar ma'aikaciya ake ba wa. Ita ke riƙe da takardar har ranar rufewa.

Na ce wani abu. Ba zan rubuta shi ba.

Lahadi, 2 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Ban roƙe ta ba. Tambaya kawai na yi.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Anouk ta saka sunana jiya da safe, tsakanin Bergeron da Blanchette: Solange Bissonnette, marubuciya. Ya yi minti arba'in a wurin. Takardar tana nuna wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa, abin da mu biyun muka sani sarai, an koya mana a zangon farko. An kira ta ofis, mutum biyu, ƙofa a rufe. An karɓe aikin daga hannunta, an ce za a duba maganar idan gwajinta ya ƙare.

Daga matakalar gini ta kira ni, muryarta tana amsa kuwwa. Ta ce kada in damu, ita ta ga dama. Ta ce ta ɗauki hoton allon kafin a goge, in ina so. Na ce ta goge shi yanzun nan, ta koma teburinta, ta ci abinci.

Shekara ashirin da biyu ina gaya wa yara cewa mai tura ƙarami ya ɗauko masa wuta ya fi mai satar da hannunsa muni. Na karanta labarin sau ɗari, a littattafai masu kauri, na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro. Ashe ban taɓa zama mai jin sanyin ba ne.

Na rubuta wa ofishin ma'aikata cewa ni na matsa mata, na yi amfani da girmana. Yanzu suna da wannan a fayil ɗina, in har ina da fayil.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Barci da rana. Na tashi ban san ko wace rana ba ce.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe uku

Na je. Yaya ta raka ni, ta yi faɗa da mai gadin wurin ajiye motoci, ta ji daɗi.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Yau taron ya ƙare. Thierry ya ce mu haɗu a shagon kofi na bayan ginin, ba a ciki ba.

Ya tsufa. Idanunsa sun faɗa, akwai tabon madara a kafaɗar rigarsa. Ya miƙe da na shigo, kamar a aji, ya ja mini kujera. Ya tambayi jikina, na ce ba shi ya kawo ni ba. Ya fara da Anouk: zai yi abin da zai iya, wasiƙata ta taimaka. Na ce na ji irin wannan daga bakinsa.

"Malama, ba ni na kafa dokar ba."

"Kai ka rubuta saƙon."

Ya ce a lokacin ya ɗauka zai iya. Ya kai maganar sama sau biyu. Sun ce in aka buɗe mini ƙofa, akwai mutum ashirin da bakwai a bayana, masu gwajin wasa da 'yan kwantiragi, kowa da 'yan kwanakinsa da suka gaza. Furodusa yana da ikon sa hannu a kan mutum ɗaya a matsayin na musamman, amma sai ya rubuta dalili da sunansa, kuma na sama suna ƙirga irin wannan idan za a raba wasa na gaba. Wato yana iyawa. Sai da ya zagaya gari kafin ya faɗa, amma ya faɗa.

Na ce to ya sa hannu.

Ya juya kofinsa. Ya ce, "Kin tuna rubutun da na kawo miki ranar Talata maimakon Litinin? Sifili kika ba ni. Kika ce doka ba ta san fuska ba."

Na ce na tuna. Ƙarya ce, na yi wa yara da yawa haka.

"A makon ne babana ya kwashe kayansa ya bar mu. Ba ki tambaya ba."

Ba da zafi ya faɗa ba. Da da zafi ne da na san abin yi. Na zauna ina kallon tabon madarar. Wayarsa ta yi ƙara, ya ce ana nemansa, ya biya, ya tafi.

Sai a jirgin ƙasa amsar ta zo mini, kamar kullum, tasha huɗu bayan an gama buƙatarta. Na ba shi sifili, kuma ban kyauta ba. Amma ban ɗauki rubutun na liƙa a bangon makaranta ina karɓar yabo ba. Yana da gaskiya a kan shekara goma sha takwas da suka wuce, ina da gaskiya a kan Juma'a mai zuwa, kuma ɗaya ba ya biyan ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Ashirin da bakwai. Na so in ji wani abu mai girma a kansu, irin wanda ake ji a littafi, mace ta tashi ta zama muryar jama'a. Na duba cikina ban samu ba. Sunana nake so. Na gaji, kuma sunana nake so.

Lahadi, 9 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Yaya tana share ƙarƙashin teburi ta jawo kwali, ta ce in zubar ko in ɗauke, ita ba ma'ajiyar tarihi ba ce. Littattafan rubutu ne guda shida, irin na 'yan makaranta, masu shuɗin bango. Ban iya tunani a kan allo ba, yaran ofis suna yi mini dariya a kai. Kowane layi sai na rubuta shi a nan da biro kafin in je in buga. Kuma hannun malama ba ya mantuwa: kwanan wata a saman kowane shafi, a dama, da layi a ƙarƙashi.

Mai kifi tana littafi na uku, sha huɗu ga Yuli. Sau biyar na rubuta ta. A na farko cewa ta yi "don Allah". Na soke.

Na ɗauko takardar rufe baki na karanta ta da jan biro. Ta hana fitar da komai daga ginin. Ni ban fitar da komai ba, shigar da shi nake yi kullum da safe. Amma sakin layi na tara ya rufe wannan ƙofar: duk abin da na rubuta domin wasan nasu ne, ko a bayan tikitin bas na rubuta shi. Wanda ya tsara takardar ya iya waƙafi. Ba ɗalibina ba ne.

Yaya ta ɗauki littafi na uku tana karantawa a tsaye, tsintsiya a hammata. Ta kai wurin. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke, 'yar nan. Wannan ai ni ce."

Na ce ita ce. Ta ce to ita ma a sa sunanta, sama da na karen.

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kira wata tsohuwar ɗalibata da ta zama lauya. Ta ce in na karanta littattafan a bainar jama'a, da wuya su kai ni kotu, abin kunya ne gare su, amma wasiƙar lauyoyinsu za ta zo. Ba wasiƙar ce abin tsoro ba. Garin ƙarami ne, kowa ya taɓa aiki da kowa. Wanda ya karya takardar rufe baki sau ɗaya, ba a sake ba shi wata ya sa hannu. Ta ce, "Malama, kina so a san ke kika rubuta, ko kina so ki sake rubutawa?" Na ce da ina da zaɓi biyun da ban kira ta ba.

In babu suna, babu Saint-Henri. In babu Saint-Henri, wata sanarwar ce, da wani jaririn mai gemu, ina da hamsin, da Alhamis a cikin kowane mako. Na san lissafin nan. Shirun da nake yi don in tsare ƙofa ne, ƙofar kuwa ta riga ta rufe.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe tara da rabi na safe

Na aika wa Thierry saƙo. Gajere, babu gaisuwa mai tsawo. Na ce ban kyauta masa ba yana ɗan shekara sha biyar, kuma na faɗa ne don gaskiya ne, ba don ciniki ba. Na ce alƙalamin yana hannunsa har ƙarfe sha biyu na ranar Juma'a. In wasiƙar tabbaci ta isa ga Madam Vaillancourt kafin lokacin, shi ke nan, littattafan su koma kwali, ba zai sake jin muryata ba.

In ba ta isa ba, ranar Talata mai zuwa akwai taron wata-wata na masu yin wasa, a saman mashayar nan ta titin Saint-Laurent, inda ake ba kowa minti biyar da makirufo ya nuna abin da yake yi. Rabin kamfaninsu suna zuwa saboda giyar kyauta. Madam Vaillancourt ma tana zuwa, ta kan zauna a gaba. Zan hau da littafi na uku. Zan faɗi sunana, in faɗi kwanan watan, in karanta mai kifi tun daga "don Allah" har zuwa kwando. Ba zan ambaci Anouk ba, ba zan ambaci shi ba. In minti biyar ya cika zan sauka, Yaya ta ce za ta jira ni a mota da injin a kunne. Washegari in kai takarduna ofishin ilimi, a sa ni cikin malaman da ake kira idan wani bai zo ba.

Na riga na yi rajistar yin magana. Ni ce ta huɗu, bayan wani mai wasan noman kabewa. Ba su tambaye ni wata nawa na yi ba.